Tarihin Gano Hanya a Fadamun Kaugama

Gano hanya a ƙasar Kaugama, cikin masarautar Haɗeja, tsohuwar sana'a ce da yanayin ƙasar ya haifar. Ƙasa ce ta jigayin rairayi da fadamu, inda Kogin Haɗeja ke malala da damina ya shafe turba, ya janye da rani ya bar wata sabuwa. Matafiyi a nan yana bukatar sanin wuri da sanin lokaci gaba ɗaya.

A zamanin fatake, madugu ne shugaban ayari, amma jagaba ne ke wucewa gaba yana duba hanya da zango. Alamunsa su ne tsohuwar kuka, rijiya, kufai da sawun shanu. Da dare kuma taurari, musamman Kaza da 'Ya'yanta, sai Gamzaki da asuba. Mashigin kogi kuwa ilimin masunta da masu fito ne. Su suka san inda ruwa ke tsayawa a gwiwa da inda laka ke riƙe ƙafar jaki. Wannan sani a ka yake, ɗa ya gada wurin uba.

Bayan Turawa sun ci Haɗeja a 1906, aka shiga auna ƙasa ana zana ta a takarda, sannan layin dogo daga Kano ya ratsa ta Malam Madori ya isa Nguru a 1930. Sai dai taswirar takarda kan tsufa da wuri a fadama. Gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya sauya tafiyar ruwan, ciyawar kacala ta toshe magudanai, kogi ya riƙa fasa sabuwar hanya ta cikin gonaki.

Daga baya sai ga GPS, tsarin gano wuri ta taurarin ɗan'adam, wanda na sojojin Amurka ne. Ya kammala a 1995, kuma sai a watan Mayun 2000 aka daina rage wa farar hula ingancinsa da gangan, kuskure ya sauko daga kusan mita 100 zuwa 'yan mitoci. Na'urar GPS tana bukatar saƙon taurarin ɗan'adam aƙalla 4 kafin ta faɗi inda mutum yake, kuma ba ruwanta da sabis na waya. Ɗaya daga cikin ayyukan da suka kai fasahar ƙauyukan Jigawa shi ne yaƙi da shan-inna. Daga 2012 aka zana taswirar ƙauyuka da rugage daga hotunan sama, aka riƙa ba masu rigakafi wayoyi masu GPS. Da yamma a sauke sawun tafiyarsu a kwamfuta, a ga unguwar da aka tsallake.

Wannan tarihi shi ke nuna abin da ya dace a duba wajen zaɓen kayan gano hanya. Na'urar hannu irin ta Garmin mai cin batirin sayarwa ta fi amfani inda wuta ba ta tsayawa, kuma tana jure ƙura da ruwa. A kwamfuta, manhajar da ke aiki ba intanet ita ce abin nema, kamar QGIS, wadda kyauta ce, tare da taswirar OpenStreetMap da aka sauke tun daga gari. Mafi daraja shi ne sawun da direba ya adana da kansa, ɗauke da kwanan wata, domin turbar watan Maris tana iya zama tafki a watan Satumba. Har yau, direban da zai shiga fadama da damina yakan ɗauki ɗan gari ya zauna kusa da shi a gaban mota.