Yadda Inji Ya Yanke wa Kwalekwale Wutsiya

Kwalekwalen da kakanninmu suka sani a Yawuri ba shi da mazaunin inji. Daga gungumen maɗaci ko kawo ake sassaƙo shi, gaba da baya duk a tsuke, don filafili da gora kaɗai aka yi shi. Duk wanda ya ga jiragen fito na yau da gindinsu a shafe, to aikin inji ya gani, ba ra'ayin masassaƙi ba.

Abin ya faro ne daga nesa. A 1881 wani Bafaranshe, Gustave Trouvé, ya gwada ɗan injin lantarki a kan kwalekwale a kogin Seine. Amma wanda ya mayar da abin kasuwa shi ne Ole Evinrude, haifaffen Norway da ya girma a Amurka. Wajen 1909 ya fara sayar da nasa a Milwaukee, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, nauyinsa kilo 28. A ganina gwanintarsa ba a ƙarfin injin take ba, a maƙalin take: baki ne da ake ɗorawa a kan katakon baya, a murɗa da hannu ya ciji katakon. Ka ɗaura da safe, ka kwance da yamma, ka saɓa a kafaɗa zuwa gida saboda ɓarayi. Har yau haka masunta ke yi.

A wajenmu, dam ɗin Kainji da aka kammala a 1968 shi ya sauya lissafi. Ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa, kogin Kwara ya zama tafki mai faɗi da igiyar ruwa, tsallakawa da filafili ta zama wahala. Sarkawa da masu fito suka koma ga jiragen katako da ake haɗawa da ƙusa, kafintoci kuwa suka koyi rufe bayan jirgi da katako mai kauri, a miƙe. Masuntan Fante na gaɓar tekun Gana ba su bi wannan hanya ba. Sun bar wa kwalekwalensu siffarsa, suka kafa wa injin ɗan katako a gefe, kusa da baya.

Wannan katako na baya shi ne ran aikin. Kafintan kirki yakan ninka shi biyu, ya tokare shi ta ciki, don duk turin injin a kansa yake sauka. Tsayinsa ma ba da ka ake yankewa ba: inji mai gajeriyar ƙafa na son inci 15, mai doguwa inci 20. Akwai ɗan faranti a saman farfela, shi ake daidaitawa da ƙasan jirgi. In inji ya yi sama da yawa, farfela ta sha iska, sai ƙara ba tafiya, ruwan sanyaya shi ya yanke, ya ɗau zafi. In ya nutse da yawa, ya riƙa jan jirgi baya yana cin mai, ga kututturan itatuwan da tafkin ya binne suna jiransa. Za ka ga direba ya shimfiɗa guntun taya kafin ya murɗa, sannan ya ɗaure injin da igiya a jikin jirgi. Ba ado ba ne, girgiza na sassauta maƙali.

Yamaha ta Japan ta fitar da injinta na jirgin ruwa na farko a 1960, daga baya samfurinta na Enduro, mai shan fetur haɗe da baƙin mai, ya mamaye ruwayenmu daga Yawuri har Baga. Injin Evinrude kuwa an daina ƙera shi a 2020.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗora inji mai doki 40 a kan katakon da ruwa ya cinye shekara da shekaru. Mai karatu, kafin ka shiga jirgi ranar kasuwa, leƙa bayansa ka ga inda injin ya zauna.