Gwajin ƙwayoyin halitta: Tanadin doka da haƙƙin wanda aka gwada

Gwajin ƙwayoyin halitta bincike ne da ake yi a jini ko yawu domin gano abin da mutum ya gada daga iyayensa, da cututtukan da za su iya same shi ko ya gadar wa 'ya'yansa. Wanda aka fi sani a Najeriya shi ne gwajin sikila, wato amosanin jini, mai nuna ko mutum AA ne, AS ko SS. A shekarar 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a ƙasar kowace shekara.

Gwajin yana tabbatar da abin da mutum ke ɗauke da shi, amma game da zuriya yiwuwa kawai yake nunawa. Idan mai AS ya auri mai AS, yiwuwar haihuwar mai SS kashi 25 ne cikin 100 a kowane ciki, ko da an riga an haifi mai cutar a gidan.

A 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da na sikila. Masu goyon baya suna ganin rigakafi ya fi magani. Sai dai tilastawar ta taso da batun sirri: sakamakon na wanda aka gwada ne, alhali ya shafi wanda zai aura, da waliyyai, da 'yan'uwan da suka haɗa jini da shi. Idan ya bazu, yakan jawo tsangwama ko fasa aure.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan ƙwayoyin halitta cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. A Amurka kuwa, dokar 2008 ta hana masu ɗaukar aiki da kamfanonin inshorar lafiya nuna bambanci saboda irin wannan sakamako, amma ba ta shafi inshorar rai ba.

Ƙa'idojin aikin likita sun tanadi cewa a yi wa mutum bayani kafin gwaji, a nemi yardarsa, a ba shi shawara bayan sakamako, kuma kada a bayyana shi ga kowa sai da izininsa ko bisa umarnin doka.