Yadda Diwanin Emily Dickinson Ya Taru Bayan Rasuwarta

Duk wanda ya ɗauki cikakken diwanin Emily Dickinson ya bi shi shafi bayan shafi zai ga abin da ya daɗe yana damun manazarta. Wata waƙar za ta kama ka har ka ajiye littafin ka yi jugum, kana juya shafi kuma sai ga wata mai ɗango huɗu da ba ta kai ta kawo ba. Waɗansu sun ce ai baiwarta ce haka, yau ta hau gobe ta sauka. Ni dai ina ganin bai kamata a yanke mata wannan hukunci ba sai an san hanyar da waƙoƙin suka biyo har suka zama littafi, domin ita ba ta taɓa ganin littafin ba, balle ta ce a sa wannan a cire wancan.

An haife ta a 1830 a garin Amherst na jihar Massachusetts a Amurka, a nan kuma ta rasu ranar 15 ga Mayu, 1886. Tana raye, waƙoƙinta kimanin goma ne suka fito a jaridu da makamantansu, ba tare da sunanta ba. Ta bar wa ƙanwarta Lavinia wasiyya ta ƙone wasiƙun da mutane suka aiko mata, Lavinia kuwa ta cika. Sai ta ci karo da waƙoƙi ɗaruruwa a ɗakin yayarta, waɗanda wasiyyar ba ta ce komai a kansu ba, ta ƙudurta sai duniya ta gan su.

Takardun nan ba iri ɗaya ba ne, kuma tushen maganar ke nan. Tsakanin 1858 da 1864 Emily takan kwafe waƙoƙinta da tawada a kan takarda mai kyau, ta naɗe, ta ɗora 'yan falle kan juna, ta huda gefe da allura ta ɗaure da zare. Irin waɗannan ƙananan littattafai 40 ta bari, ɗauke da waƙoƙi wajen 800. Ko a cikinsu ma sau da yawa ba ta gama shawara ba: sai ta sa 'yar alama kusa da kalma, ta rubuta waɗansu kalmomi biyu ko uku a ƙasan shafi da za su iya maye gurbinta. Daga baya ta daina ɗinkin, tana dai kwafewa. A shekarunta na ƙarshe kuwa da fensir take rubutu a bayan ambulan da aka farke, da guntun takardar talla, har da takardar naɗe cakulan. Ban da waɗannan akwai waƙoƙin da ta aika cikin wasiƙa, waɗansu rakiyar furanni ne kawai zuwa ga maƙwabciya. Matar yayanta, Susan, ita kaɗai ta karɓi sama da 250.

Susan ce Lavinia ta fara ba aikin. Da ta ga ana jan ƙafa, sai ta kai wa Mabel Loomis Todd, matar wani malamin kwalejin garin, wadda kowa a gidan ya san akwai soyayya tsakaninta da Austin, mijin Susan. Mabel ta kwashe shekaru tana kwafe rubutun hannun nan mai wuyar karantawa, ta jawo Thomas Wentworth Higginson, marubucin da Emily ta fara rubuta wa wasiƙa a 1862 tana neman ra'ayinsa. Su biyun suka fitar da littafi na farko a Nuwamba 1890 a Boston, da waƙoƙi 115. Ya karɓu fiye da zaton maɗaba'ar, aka yi ta sake buga shi, na biyu ya biyo a 1891, na uku a 1896.

Sai dai sun yi wa waƙoƙin kwaskwarima. Emily ba ta cika sa wa waƙa suna ba, su suka raɗa. Inda ta yi amsa-amon da ya kusa dacewa amma bai dace sarai ba, wanda da gangan take yi, sukan canza kalma don kunne ya ji daɗi. Suka share 'yan layukan tsaiko da take yawan ja a tsakiyar ɗango, suka sa waƙafi da aya irin na makaranta. Shahararriyar waƙarta da ta kwatanta mutuwa da mai ladabin da ya zo ɗaukarta a keken doki baiti shida ce, suka cire ɗaya, kuma a wanda suka cire ne waƙar ke juyawa daga natsuwa zuwa sanyin tsoro. Ba na ɗora musu mugunta. Sun ji tsoron kada masu karatu na lokacin su guje ta, kuma ba don su ba wataƙila da ba mu san ta ba. Amma wanda ya auna Emily da littattafan nan ya auna aikin mutum uku ne.

Sai rigimar gida ta shigo. Austin ya rasu a 1895, aka yi shari'a tsakanin Lavinia da iyalan Todd kan wani yankin fili, Lavinia ta yi nasara a 1898. Mabel ta fusata ta kulle takardun da ke hannunta a akwati har shekara talatin. Gado ya rabu gida biyu. 'Yar Susan, Martha Dickinson Bianchi, ta riƙa fitar da nata kason daga 1914. 'Yar Mabel, Millicent Todd Bingham, ta fitar da sama da waƙoƙi 600 daga akwatin mahaifiyarta a 1945. A tsakiyar wannan rabuwa ne, a 1937, mai sharhi R. P. Blackmur ya ce mafi yawan abin da aka buga mata gwajin alƙalami ne kawai. Ya faɗi haka alhali ɗaruruwan waƙoƙi na kulle, waɗanda ke gabansa kuma an taɓa da yawansu.

Kason Bianchi ya koma Jami'ar Harvard a 1950, na Todd ya koma Kwalejin Amherst a 1956. A 1955 Thomas H. Johnson ya fitar da juzu'i uku da waƙoƙi 1,775, yana bin rubutun hannunta, ya jera su bisa shekarun da ya ƙiyasta, ya ba kowace lamba. Wannan aiki ya mayar mata da muryarta, ya kuma haifi wata matsala da ba a cika lura da ita ba. Lamba ba ta bambancewa. Waƙar da ta kwafe da tawada ta ɗinke, da ɗango biyun da ta zana a bayan ambulan ta ajiye, duk sun tsaya kafaɗa da kafaɗa da harafi iri ɗaya, kamar an auno tsaba da ƙaiƙayi a mudu ɗaya an ce a faɗi darajar gonar. Johnson kansa ya san da haka, shi ya sa a 1961 ya fitar da zaɓaɓɓu, kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ba ina cewa duk rauni daga editoci yake ba. A cikin littattafan da ta ɗinka da hannunta ma akwai waƙoƙin da zaƙinsu ya yi yawa, akwai masu maimaita abin da ta riga ta faɗa da kyau a wani wuri. Wadda ta rubuta waƙoƙi kusan 300 a shekarar 1863 kaɗai ba za a ce kowace ta zama gwana ba. Abin da nake ƙi shi ne a lissafa mata guntayen da ba ta gama ba cikin kurakuranta, ko kuma, kamar yadda waɗansu masoyanta ke yi yanzu, a ɗauki kowane zanen fensir a mai da shi abin al'ajabi.

Mabel da waɗanda suka biyo ta sun kwance zaren littattafan nan, shafuka suka cakuɗe. R. W. Franklin ya zauna yana gwada hujin allura da hujin allura, tabon tawada da inda ya shafa a shafin da ke fuskantarsa, har ya mayar da su yadda suke, ya buga hotunansu a 1981. Bugunsa na 1998 ya kai adadin waƙoƙin 1,789. A 2016 Cristanne Miller ta fitar da bugun da ya raba su bisa yadda Emily ta bar su: waɗanda ta ɗinka daban, waɗanda ta kwafe ba ta ɗinka ba daban, guntaye daban, waɗanda ta aika wa mutane ba ta ajiye kwafi ba daban. Da wannan bugun nake ba ɗalibi shawarar ya fara, ya karanta ɗinkakkun tukuna kafin ya gangara zuwa ga ambulan.