Mayar da Haja a Minna, Daga Reluwe Zuwa Intanet

Tun da layin dogo na Baro ya ratsa Minna ya isa Kano a 1911, fatake suka fara karɓar hajar da ba su gani ba sai an kwance ƙunshi a tasha, mas'alar aibin haja kuwa takan kai gaban alƙalai. Su kuwa, bisa littafin Muhtasar Halilu, hukuncinsu shi ne mai sayarwa da ya ɓoye aibi da gangan shi ke ɗaukar ladan dakon mayarwa, in bai sani ba mai saye ya mayar idan wurin kusa ne, in da nisa a rage masa kuɗi. Yau mai tallan atamfa a Facebook, direban tasha ne manzonta, jayayyar kuɗin motar mayar da haja kuwa a waya ake yin ta, ba shaidu.