Yadda ma'aunin damtse ya koma hannun uwaye

A 2005, shekarar da yunwa ta addabi Maraɗi, ƙungiyar MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa a Nijar. Magani kam ya samu, wato abincin gyaɗar nan Plumpy'nut. Sai dai yara da yawa sai ciwo ya ci ƙarfinsu ake kawo su likita. To wa zai gano tamowa tun da wuri?

An daɗe da sanin ma'aunin damtse, ɗan madaurin nan mai launi uku. Ja na nufin ƙasa da milimita 115, wato haɗari. Amma a hannun ma'aikatan lafiya yake. Daga 2013 zuwa 2014, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka yi gwaji a Mirriya, jihar Damagaram: a Dogo aka koya wa uwaye awo, a Takeita aka bar shi ga ma'aikatan ƙauye.

Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna uwaye ba su gaza ba. Yaran Dogo sun fi isowa da wuri, waɗanda aka kwantar kuma sun fi kaɗan. Ƴan uwa, gane ja da kore ai ba sai an yi boko ba, kuma uwa kullum tana tare da ɗanta.