Gidajen Zuhudun Kirista: Daga Hamadar Masar zuwa Laranto

Zuhudu a addinin Kirista ya samo tushe ne daga Masar. A wajen shekarar 320 wani mai ibada da ake kira Fakomiyas ya tara masu gudun duniya a gida ɗaya a bakin Kogin Nilu, suna addu'a tare, suna cin gumin hannunsu. Daga baya Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya tsara wa irin waɗannan gidaje ƙa'idar zama.

Al'adar ta ƙetara Turai, ta kuma kafu sosai a Ailan. A can gidan zuhudu shi ne makaranta, shi ne ma'ajiyar littattafai, shi ne rumbun hatsi. Kolumba, mutumin Ailan, ya kafa na tsibirin Iona a 563.

Wannan arziki ne ya jawo musu 'yan Viking, mutanen Nowe da Denmak da Suwidin. Yawancinsu manoma ne da masunta da fatake, amma in damar hari ta samu ba sa ƙi. Jiragensu dogaye ne, ba sa nutsewa can cikin ruwa, don haka suna iya sauka a kowace gaɓa, su kuma kutsa cikin koguna. Gidan zuhudu kuwa ga kwanonin azurfa, ga shanu, ga mutanen da za a sayar bayi, babu ganuwa, babu mayaƙa. Sun afka wa gidan zuhudu na Lindisfarne a 793. A 806 suka kashe mutum 68 a Iona, lamarin da ya sa da yawa daga cikin masu zuhudun suka ƙaura zuwa Kells a Ailan. Kafin shekaru ɗari uku su cika, jikokin maharan sun zama Kiristoci.

Jos ta gaji wani reshe na wannan tarihi. Mishan ɗin Katolika na farko a wannan yanki an kafa shi ne a Shendam a 1907, ƙarƙashin Fada Oswald Waller na ƙungiyar SMA, wadda aka kafa a Faransa. Daga bisani aikin ya koma hannun fadan-fadan Ailan, har John Reddington ya zama bishop na Jos a 1954. Su kam ba mazauna gida ba ne irin na Iona, domin coci da makaranta da asibiti suka sa gaba. Waɗanda suka fi kusa da tsohon tsarin su ne mabiya ƙa'idar Agustin, su ma daga Ailan, waɗanda suka fara aiki a yankin Yola a 1940. Da hannunsu aka buɗe makarantar horar da fadan-fada ta Saint Augustine a 1967, wadda take unguwar Laranto a Jos.

Shekara bakwai bayan haka, Gabriel Ganaka, ɗan asalin Filato, ya gaji Reddington a kujerar bishop.