"In Da So Da Ƙauna" da Tarihin Marubuci Mai Buga Littafinsa da Kansa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a waiwayi wani al'amari da ya auku a Kano a farkon shekarun 1990, wanda ya zo wa masana adabi da kamfanonin ɗab'i ba zato ba tsammani. Al'amarin kuwa shi ne yadda wani saurayi, Ado Ahmad Gidan Dabino, ya rubuta labarin soyayya, ya kai shi maɗaba'a da kansa ba tare da wani kamfani ya tsaya masa ba, sai ga littafin ya sami irin kasuwar da a da ƙagaggen labari ba ya samu sai in an sa shi cikin manhajar makarantu. Abin da nake son in nuna shi ne, ruwa ba ya tsami banza. Masu karatun da suka sayi littafin sun daɗe suna nan, illa dai masu ɗab'i ba su waiwaye su ba.

2.0 Yadda ɗab'i yake kafin wannan lokaci

Tun farkon rubutun zube na boko, hukuma ce take riƙe da ƙofar ɗab'i. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Bayan haka aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, Hukumar NORLA ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, sa'an nan Kamfanin NNPC ya zo a 1966. A duk waɗannan matakai, edita ne yake zaɓen abin da za a buga, makaranta ce kuma babbar mai saye.

Labarin soyayya ya leƙo ta wannan ƙofa a 1980, sa'ad da NNPC ya buga littattafan da suka ci gasarsa, ciki har da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Amma gasa ba kullum ake yin ta ba, wanda kuma bai ci ba, rubutunsa a akwati yake kwana.

3.0 Sababbin masu karatu da matsin tattalin arziki

Abubuwa biyu suka haɗu suka canza wannan tsari. Na farko shi ne shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, wanda gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a 1976. Yaron da ya shiga aji ɗaya a wannan shekara, zuwa 1990 ya doshi shekara ashirin, watau ya kai lokacin neman aure. Da yawa daga cikin waɗannan yara, musamman 'yan mata, ba su yi nisa da Turanci ba, amma sun iya karanta Hausa sarai. Ga kuma azuzuwan yaƙi da jahilci, waɗanda suka ƙarfafa a Jihar Kano bayan da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya a 1980. Shi kansa Gidan Dabino, wanda aka haifa a 1964, karatun allo ya fara yi, daga baya ya sami boko ta ajin manya na yamma. Ke nan shi da masu karatunsa daga tukunya ɗaya aka ɗebo su.

Na biyu shi ne faɗuwar farashin man fetur da shirin SAP na 1986, wanda ya karya darajar naira, takarda da tawada suka yi tsada. Manyan kamfanoni suka ja da baya, suka riƙe littattafan makaranta da suka tabbata za su sayu. Sai ya zamana masu karatu sun yawaita a daidai lokacin da abin karantawa ya ƙaranta.

Wannan giɓi ne marubuta suka shiga cikewa da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987. A Kano marubuta suka haɗu cikin ƙungiyoyi, wadda ta fi shahara ita ce Raina Kama, inda Gidan Dabino da Balaraba da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa suke kan gaba. Sunan ƙungiyar ma daga karin maganar nan ne, raina kama ka ga gayya.

4.0 Littafin da kasuwarsa

In Da So Da Ƙauna ya fito a 1991. Labari ne na Muhammad, ɗan talaka, da Sumayya, 'yar masu hali, wadda danginta suka matsa sai ta auri wani attajiri mai suna Abdulƙadir, har abin ya kai ta ga faɗawa rijiya. Jigon ke nan, watau auren dole da fifita dukiya bisa hali, abin da kowace unguwa ta san misalinsa. Harshen kuma na samari da 'yan matan Kano ne, irin wanda ake ji a wajen zance, ba irin na littafin jarrabawa ba. Masu nazari sun kawo cewa kwafin da aka sayar ya haura 100,000. An fassara shi zuwa Turanci, a 1994 kuma marubucin ya mai da shi fim ɗin bidiyo, ya zama ɗaya daga cikin tubalan farko na sana'ar fim a Kano.

Wajibi ne mu dubi yadda irin wannan littafi yake kaiwa ga hannun mai karatu. Ana buga shi a ƙananan maɗaba'u, a kan takarda mai araha, a raba labarin kashi-kashi, na ɗaya da na biyu, wani lokaci har da na uku. Ribar kashi na ɗaya ita ke biyan ɗab'in na biyu, domin da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Daga maɗaba'a sai dillalan littattafai na kasuwannin Kano, daga wurinsu 'yan sari su ɗauka zuwa sauran garuruwa, har Jamhuriyar Nijar. Ga kuma masu ba da haya, ga aro tsakanin matan aure a cikin gidaje, ga gidajen rediyo masu karanta labari a kunnen wanda bai iya karatu ba. Saboda haka yawan waɗanda labarin ya isa gare su ya ninka yawan kwafin da aka sayar.

5.0 Martanin masana da hukuma

Wannan nasara ta jawo muhawara mai zafi. Ibrahim Malumfashi ya kira irin waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙasidun kasuwar Onica, yana kuma sukar raunin tacewa da ƙa'idojin rubutunsu. Abdalla Uba Adamu kuwa ya kare su a kan cewa sun raya karatun Hausa a lokacin da ba wanda ke raya shi. Brian Larkin, a nazarinsa na 1997, ya nuna dangantakar jigoginsu da finafinan Indiya. Iyaye da malamai da dama sun zarge su da ɓata tarbiyya, har a 2007 gwamnatin Jihar Kano ta ƙona wasu daga cikinsu a bainar jama'a. Duk da haka, a 2014 gwamnatin tarayya ta ba Gidan Dabino lambar girmamawa ta MON.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za mu ga cewa sukar da aka yi wa tacewa da rubutun waɗannan littattafai tana da tushe, amma ba ta amsa tambayar tarihi ba, watau me ya sa dubban mutane suka cire kuɗinsu suka saya ba da umarnin malami ba. Amsar tana cikin makarantun 1976, da matsin 1986, da kuma jigon da ya taɓa rayuwar mai karatu.

Akwai kuma aiki a gabanmu. Yawancin waɗannan littattafai an buga su a kan takardar da ba ta jure shekaru, da yawansu ko shekarar bugu ba su ɗauke da ita. In jami'o'inmu ba su tashi sun tattara su, sun kuma ɗauki bayani daga bakin marubuta da maɗaba'a da dillalan da suka rage ba, to, za a wayi gari mai nazarin wannan zamani ya rasa madogara. Allah Ya ba mu ikon yi.